Kogon tayar Corolla, kafin damina ta kankama

Asabar, 13 ga Afrilu

Ranar jajibere tayar baya ta dama ta sace a hanyar kasuwa, na tsaya wajen mai faci. Da ya cire ta ina tsugune a gefe, sai na zura hannu na shafa leɓen ƙarfen da ya kewaye tayar ta ciki, wani ɓawon jar ƙasa kamar tafin hannu ya ɓalle ya faɗo. Na juya bayansa, sai ga ɓarɓashin tsatsa manne da shi. Hidimar Sallah ta hana ni komawa kan maganar sai yau.

Motar Toyota Corolla ce ta 2006, tokumbo, shekararta huɗu a hannuna a nan Kaduna. Lambar jikinta ta fara da 2T1, wato a Kanada aka ƙera ta, a masana'antar Toyota ta Cambridge da ke lardin Ontariyo. Agogon gudunta kilomita ne a manyan lambobi, mil a ƙanana, alamar don kasuwar can aka yi ta. A ƙasar ana zuba gishiri a kan tituna lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara, kuma ba kaɗan ba: ma'adinar gishirin da ta fi kowace girma a ƙarƙashin ƙasa tana Goderich, a Ontariyon, ƙarƙashin tafkin Huron. Taya na watsa ruwan gishirin nan cikin kogonta shekara da shekaru. Daga baya motar ta zo nan, lakar layinmu ta hau kai ta rufe.

Niyyata ita ce in bi koguna huɗun ɗaya bayan ɗaya, in wanke, in kankare, in rufe, kafin ruwa ya zauna. Makanikai suna cewa cikin fenda, ni dai kogon taya na saba faɗa.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Na fara da gaba ta hagu. Na ja birkin hannu, na tokare tayoyin baya da bulo, na sassauta notuna biyar ɗin tun motar tana ƙasa, sannan na ɗaga da jek. Ban yarda in sa kaina a ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita ba, don haka na aro ƙarfen tokara guda biyu wajen maƙwabcina, tayar da na cire kuma na kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar. Wanda zai yi irin wannan aiki, ina roƙonsa kada ya tsallake wannan wuri. Jek na ɗagawa ne, ba na riƙo ba.

Kogon gaba yana da rigar roba baƙa, an kama ta da ƙananan notuna da maɓallan roba. Maɓallan sun sha rana da zafin inji sun bushe, guda shida suka karye a hannuna duk da lallaɓawar da na yi.

Abin da na tarar bayan rigar shi ya ci mini yinin. A ƙasan fenda, daidai bayan taya kafin ƙofar direba, akwai wani ɗan aljihu. Ruwan da ke gangarowa daga gindin gilashin gaba ta nan yake bi ya fita. Aljihun cike yake dam. Na sa cokalin magina ina yashewa a kan tsohuwar jarida, sai abin ya riƙa fitowa hawa-hawa: a sama busassun ganyen dalbejiya da 'ya'yanta, don ƙarƙashinta nake ajiye motar, ƙasa da su jar ƙasa ta daskare kamar tubali, can ƙarshe kuma wani yashi mai launin toka da farin kumfa busasshe a jikinsa, irin wanda ba mu da shi a nan. Wannan na ƙarshen da shi motar ta tsallako teku. Abin da ya fi ba ni mamaki, yau wata biyar ba a yi ruwa ba, ana zafin da kwalta ke laushi, amma tsakiyar dunƙulen da sanyi-sanyinsa.

Ɗana na aji biyu a sakandare yana riƙe mini fitila. Ya ce, "Abba, daga ina ya samu ruwa?" Na ce masa daga wankin mota na kowane mako. Ruwa ya shiga, laka ta riƙe, iska ba ta kaiwa wurin. Gishiri kuma yana jawo danshi, yana kuma hanzarta cin ƙarfe. Tsatsa ba ta neman komai sai ƙarfe da ruwa da iska, laka kuwa ta haɗa mata su wuri ɗaya dare da rana.

Ƙarfen da ke ƙarƙashi ya yi ja, amma na ƙwanƙwasa da bayan sukundireba ya amsa da ƙarfi. Alhamdu lillahi.

Laraba, 17 ga Afrilu

Bayan an tashi daga aiki na shiga Panteka, kasuwar ƙarafa da kayan gyara. Na tafi da ɗaya daga cikin karyayyun maɓallan don a gwada, na sayo ashirin, da burushin ƙarfe biyu, samfefa mai kaushi da mai laushi, tef ɗin takarda, da abin rufe hanci.

Na biya wajen wani dattijo mai gyaran jikin mota da na daɗe da sani, na nuna masa hotuna. Yaransa suka ce ai abu mai sauƙi ne, a fesa baƙin mai a ƙarƙashin motar gaba ɗaya, haka ake yi wa motocin haya. Na san ana yi, kuma mai yana korar ruwa na ɗan lokaci. Amma baƙin mai yana kumbura roba ya lalata ta, kogon taya kuwa cike yake da roba: na shokozoba, na ƙafafu, na shaf, wato ƙarfen da ke juya taya. Yana kama ƙura ya zama wata sabuwar laka. Idan ya taɓa birki, an shiga uku. Ga shi ruwan sama na farko zai wanke shi zuwa kwata, daga kwata zuwa rafi.

Dattijon ya bar su suka gama, sannan ya ce, "Malam, duk abin da za ka shafa, kada ka shafa shi a kan tsatsa. Kitso da ƙwarƙwata ke nan." Na ce, "To Baba, in na ga rami fa?" Ya ce in kawo masa.

Asabar, 20 ga Afrilu

Ranar wanki. Na cire rigar gaba ta dama ma, aljihunta bai kai na hagu cika ba. Na ɗaure ledoji a kan birkin gaba, na kaɗa sabulun gari a bokiti, na jiƙa kogunan na bar su kwata ɗin awa kafin in sa burushin roba. Sau uku ina maimaitawa kafin ruwan ya daina fitowa ja. Inda kwaltar titi ta ɗiga ta manne, ɗan kananzir a tsumma ya ɗauke ta, na bi da sabulu.

Da gangan na ƙi kai ta wajen masu wanki da injin feshi. Ƙarfin ruwan yana da amfani, amma idan aka matso da bakinsa kusa yana iya tura ruwa cikin robar shaf ko wajen boris, ya kuma ɗaye rufin da masana'anta ta yi wanda har yanzu yake da kyau. Tiyo da haƙuri sun ishe ni.

Kogunan baya ba su da riga irin ta gaba, ƙarfe ne da wani rufi mai kauri na asali. Matsalar tana leɓe. Ƙarfen waje yana lanƙwasowa ciki ya haɗu da na ciki, sai ya bar wata 'yar kanta mai faɗin yatsa biyu da ta zagaye saman taya. Duk wanda ya taɓa wanke motar nan, har da ni, bai taɓa kai hannu kan wannan kanta ba, domin ido ba ya ganinta sai an kwanta. Da tsohon burushin haƙori na bi ta daga farko har ƙarshe. Awa biyu a kogo ɗaya.

Na bar motar a tsakar gida ba tayoyin baya, ta kwana ta sha iska.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Yau na ga gaskiyar lamarin. A baya ta dama, inda ɓawon nan ya faɗo ranar jajibere, rufin asali ya kumbura kamar ƙurji. Na danna da babban yatsa ya lotsa. Na sa wuƙa na yanke shi, ƙarfen da ke ƙasa ya zama ganye-ganye baƙi, burushi na taɓa shi ya zube. Rami ya fito, tsawonsa kamar ɗan yatsa, ina hango kafet ɗin but ta cikinsa. Yanzu na gane dalilin da ya sa but ɗin ke warin danshi duk damina, nake ta zargin robar murfi.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Motar nan ita ke kai yara makaranta, ita ke kai mu gida duk Sallah. Amma da na zauna na duba, gara da ya fito yanzu. Inda shokozoba ke zama lafiya yake, na ƙwanƙwasa ko'ina ya amsa. Da a wurin ne ya ruɓe, da magana ta canza.

Darasin da rufin nan ya koya mini shi ne mai kauri ba ya nufin mai tsaro. Ya tsage a wuri ɗaya, wataƙila tsakuwa ce ta buge shi tun a can, ruwan gishiri ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita. Daga waje fes, ciki kuwa ana ta ci.

A baya ta hagu akwai wuyan tanki, bututun ƙarfen da ke kai fetur daga murfi zuwa tanki. Ya yi tsatsa a gwiwarsa, amma ta sama ce. Na goge shi da samfefa da hannu, a hankali, ba da inji ba, don ba a wasa da tartsatsi kusa da fetur. Bututun man birki ma na bi su da ido da yatsa har inda suka haɗu da tiyon roba. Ba kumburi, ba jiƙewa.

Talata, 23 ga Afrilu

Na kai wa Baba. Ya sa aka fitar da kafet da duk robar gefen but, aka cire kan batir, aka ajiye bokitin ruwa da jiƙaƙƙen buhu a kusa. Ya yanke wurin har sai da ya kai ga farin ƙarfe ta kowane gefe, ramin ya ninka girmansa uku, sannan ya yanko faranti ya lanƙwasa shi a kan gwiwarsa da guduma har ya zauna. Walda ɗigo-ɗigo ya yi, yana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don kada zafi ya murɗe ƙarfen. Wani yaronsa ya kawo shawarar a cike da fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, kawai a huta. Bai ko ɗaga kai ba.

Da zan tafi ya ce, "Wurin walda shi ke fara tsatsa. Kada ka bar shi ya kwana uku tsirara, ciki da waje." Na shafa masa fentin farko da daren nan ta ɓangaren but.

Asabar, 27 ga Afrilu

Kankara tun safe har azahar, da burushin ƙarfe da samfefa. Duk abin da ke motsi ya fita. Abin da ya rage shi ne tsatsar da ta shige ƙananan ramukan ƙarfe, wadda burushi ba ya kaiwa, ita ce aikin maganin tsatsa.

Iri biyu aka fi samu. Ɗaya da sinadarin fosforik ake yinsa, ɗayan da tanin, wasu kuma an haɗa duka. Na tanin na samu. Fari ne kamar madara a cikin kwalba, amma ina shafawa a kan jan ƙarfe, kafin minti ashirin ya koma shuɗi-shuɗi, daga nan ya zama baƙi wuluk. Na tsaya ina kallo, domin na san wannan baƙin. Tanin shi ne abin da ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, kuma dukawa sun daɗe suna baƙanta jemammiyar fata da ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki. Haɗuwar ƙarfe da tanin ce ke ba da launin. Abin da ke kan jakar fata ta kakana shi ne yau a kogon tayar motata, sai dai a nan amfaninsa shi ne ya mayar da tsatsa wani abu mai zama wuri ɗaya da fenti zai iya kamawa.

Maganin ba ya aiki a kan fenti ko maiƙo, kuma ba ya ratsa tsatsa mai kauri, saman kawai zai baƙanta ya bar cikin. Shi ya sa kankarar ta riga shi. Shafa biyu na yi, na bar shi sai gobe kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Fentin farko a duk wuraren da suka yi baƙi da wurin walda ta waje. Shafa biyu marasa kauri. Na cike bakin waldar da abin liƙe haɗin ƙarfe.

Laraba, 1 ga Mayu

Hutun ranar ma'aikata ya zo mini daidai. Rufewa ta fi feshin cin lokaci: jarida da tef a kan birki, shokozoba da sifirin, wayar na'urar birki, tiyon roba, salansa, da fentin jikin mota na waje. Ramukan da aka bari don ruwa ya riƙa fita kuma na cusa musu guntun kara, don kada rufin ya toshe su in koma gidan jiya.

Rufin da na saya na gwangwani ne, baƙi, mai roba a ciki, aikinsa ya tare tsakuwa. Ban fesa shi ko'ina ba. Inda rufin asali yake da lafiya na bar shi, na bi wuraren da na gyara kawai, na ɗan hau kan tsohon da faɗin yatsa biyu. Gaba biyu da baya ta dama sun tafi lafiya.

Ina kan baya ta hagu, wajen la'asar, gabas ta yi duhu, iska ta taso da ƙura. Maman yara ta leƙo ta ce in bari sai gobe. Na ga saura kaɗan, na goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma don in cire ƙurar, na fesa da sauri, shafa ɗaya mai kauri maimakon biyu. Ruwan ma bai sauka a unguwarmu ba.

Asabar, 4 ga Mayu

Baya ta hagu ba ta kama ba. Na sa farce a gefen rufin, ya taso kamar fatar dafaffen dankali, ƙasansa da laushi da ɗigon danshi. Tsumman nan ne, da kaurin da ya hana cikin bushewa. Da na mayar da taya ban duba ba, da na gina wa kaina irin ƙurjin da na yanke a ɗaya gefen, da hannuna.

Na ɗaye shi duka, na goge da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, na sake bin fentin farko inda ya tashi. Rabin yini ya tafi a tufka da warwara. Gobe da safe, in gari ya yi sarari, zan fesa siriri, in ba shi rabin awa, in ƙara.

Lahadi, 5 ga Mayu

An yi. Ya bushe, ya kama.

Asabar, 11 ga Mayu

Saura wuraren da fenti ba ya shiga: cikin lanƙwasar leɓen baya, aljihunan ƙasan fenda, da haɗin ƙarfe biyu. Nan maiƙo mai ratsawa ake so, wanda ba ya bushewa ya tsage. A ƙasashen gishiri wasu suna amfani da Fluid Film, wanda ake yi da maiƙon gashin tumaki, suna sabunta shi duk shekara kafin hunturu. Ni na samu mai kama da kakin zuma, gwangwani mai dogon tsinke, a wajen masu fentin mota. Na bar gwangwanin a rana ya ɗan yi ɗumi, na zura tsinken cikin kowace kafa ina fesawa har sai na ga ya tsattsafo ta ƙasa. Wuyan tanki da bututun birki na ƙarfe ma na shafa musu siriri. Na yarda da wannan fiye da baƙin rufin, domin ko ya ƙare, ƙarewa zai yi a fili, ba zai ɓoye mini komai ba.

Rigunan gaba na wanke su tun makon jiya. Na mayar da su da sababbin maɓallai, na cire karan da ke ramukan ruwa, na zuba kofi ɗaya daga gindin gilashi don gwaji. Ya fito ta ƙasan fenda nan take, fari tas. Ɗana ya ce a sake, muka sake.

Notunan taya na ɗaura su da hannu tukuna, na sauke motar, sannan na bi su a tsallake, ɗaya nan ɗaya can. Awon ɗaurin noti da Toyota ta ba wannan mota shi ne 103 a ma'aunin Nm, wato ma'aunin ƙarfin murɗawa, na aro sifana mai awo na cika. Masu faci da yawa suna hawa kan sifana da ƙafa, abin da ke miƙar da kusoshi ke nan. Kafin in fita titi na taka birki sau da yawa a tsakar gida, na zagaya layi a hankali. Ba ƙara, ba ja gefe.

Na kuma canza wurin ajiya. Inuwar dalbejiya tana da daɗi, amma ganyenta ne rabin abin da na yashe. Na matsar da motar jikin katanga, na ɗaura rumfar buhu.

Asabar, 1 ga Yuni

An yi ruwa mai ƙarfi sau da dama, layinmu ya koma yadda ya saba, jar laka har gindin ƙofa. Yau na cire tayoyin baya na duba. Laka ta hau kantar leɓe kamar da, amma tiyo na taɓa ta ta zame, ba sai da burushin haƙori ba. But a bushe yake, na ɗaga kafet na shafa wurin waldar, ba danshi ba wari.

A baya ta dama, can gaba inda taya ke jifa da tsakuwa kai tsaye, na ga tabo biyu ƙanana kamar ƙwayar gero inda rufin ya fashe har fentin farko ya bayyana. Na wanke, na bar shi yini guda a rana, na ɗiga masa. Robar da ke tare laka a bayan tayar gaba ta dama ta yage tun kafin in sayi motar, ita ke barin tsakuwa na dukan gefen. Zan nemo ta ranar Laraba in na shiga Panteka.

Na sa wa kaina duk Asabar ta biyu in zura tiyo a kantar nan da aljihunan gaba har ƙarshen Satumba. Kakin kuma zan sabunta shi in kaka ta yi, bayan ƙasa ta bushe. Ƙasan ƙofofi huɗu ban taɓa su ba tukuna, kuma jiya da na buɗe ta baya ta hagu na ji ruwa yana motsi a cikinta.